Kulocin Motar Surukina

Aikina giya da kuloci ne. Ba na taɓa inji, ba na taɓa wayoyin wuta. Rumfata tana wani layi a Sharaɗa, bayan katangar wani kamfani da ya daɗe da rufewa, inda muka jera kowa da abin da ya iya. Ni mutum ne mai komawa kan abin da ya gama. In na ɗaure noti sai na sake ɗora masa sifana. Mota takan tafi in zauna ina tambayar kaina ko na zuba man giya, alhali galan ɗin yana gabana ba komai a ciki. Maƙwabcina mai gyaran birki yakan ce wata rana zan bi mota da gudu har Zariya don in leƙa ƙarƙashinta.

Surukina, mahaifin matata, direba ne. A lokacin da nake ba da labari yana jan bas ta wani kamfanin jimar fata a Challawa, yana ɗebo ma'aikata daga Panshekara da ƙauyukan gefe, yana mayar da waɗanda suka tashi. Ɗan asalin wajen ne. Gonar mahaifinsa tana cikin ɗaya daga manyan katangun nan, tun yana saurayi aka karɓe ta. Da ƙasa ta tafi sai ya kama sitiyari, kuma bai koyi wani abu ba bayan shi. Da wannan kujerar ta direba yake ciyar da gidansa, da matar ƙaninsa da ya rasu, da 'ya'yanta.

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ban ci abinci a gabansa ba, ban kama sunansa ba. Ko mai irin sunan ne ya zo rumfata, mai sunan Baba nake ce masa. In mun haɗu sai in tuɓe takalmi in durƙusa, in gaishe shi kaina a ƙasa. Shi kuma Malam yake kirana, ni da ban wuce firamare ba. Haka aka saba a wajenmu, ban taɓa jin nauyin abin ba sai a kan motar nan.

Kamfanin yana barin direba ya kai ƙaramin gyara wajen bakaniken da ya yarda da shi. Baba ya kawo mini, na san don ya taimake ni ne. Ya tsaya daga nesa kaɗan, yana kallon motar maimakon ni.

"Malam, ba ta ja. In na taka totur kuka take yi, ba tafiya."

"To, Baba. Ku zauna a inuwa, bari in duba."

Na hau, na ja birkin hannu, na sa giya lamba uku, na saki kuloci a hankali. Mota mai lafiya mutuwa take yi nan take. Wannan ba ta mutu ba. Inji ya ci gaba da kuka, wari ya taso kamar an ƙona tsumma. Ni da maƙwabcina muka sauke giyabos, wato akwatin giya. Faifan kuloci, wanda muke ce wa filet, ya cinye har kusoshinsa sun fito, ƙarfen bayan inji da yake mannewa a kai ya yi shuɗi-shuɗi don zafi. Ban yi mamaki ba. Tsohuwar mota ce, kullum cike da mutane, hanyar kuma ramuka da tireloli. Na je Ƙofar Ruwa da kaina na zaɓo faifai da murfin da ke matse shi da boris, wanda ke tura murfin in an taka feda. Na ɗaura, na gwada, ta yi daidai.

Damina ba ta ƙare ba ya dawo da ita, da irin warin nan.

Abinci ya fita raina. Na ce lallai ni ne na yi wani kuskure, kuma a motar surukina. Muka sake saukewa. Na fara neman mai, don in bakin mai yana yoyo daga bayan inji ya jiƙa faifai, zamewa zai yi ta yi. Wajen a bushe yake. Na duba kulocin sama da na ƙasa, wato famfunan da ke tura man kuloci, ba inda yake zubar da mai. Na auna wasan feda da hannuna, wato ɗan sararin da take yi kafin ta fara aiki, yana nan yadda na bar shi. Na koma wajen mai kayan na ce jabu ya ba ni. Ya rantse, ya kira maƙwabtansa shaida, ya nuna mini irinsa da ya sayar wa wasu ba wanda ya dawo. Na baro wajen da nauyin na zargi mutum ba hujja, sai da na koma washegari na ba shi haƙuri.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Boris ɗin da na sa sabo ya ci kamar ya yi shekara da shekaru yana aiki. Shi kuwa boris ɗin kuloci ba ya wahala sai ƙafa tana kan feda. In ya lalace da wuri, direba ne yake tafiya ƙafarsa a kwance a kai. Halin 'yan koyo ne. Baba kuwa yana tuƙi tun ba a haife ni ba, direbobi da yawa a Panshekara shi ya koya musu, kuma an san shi da dukan gwiwar ɗan koyo in ya bar ƙafa a kan kuloci. Na kori tunanin, na nemi gafarar Allah, na sa wani faifan.

A zuwan motar na uku, da wata sabuwar cuta ta zo. Giya ba ta shiga sai da gurnani, musamman lamba ɗaya da ribas. Wannan alamar kuloci ba ya saki ne gaba ɗaya. Ga kuma zamewar ta fara dawowa. Cuta biyu ke nan masu gaba da juna: ɗaya ta wanda ba ya ɗaga ƙafa, ɗaya ta wanda ba ya takawa har ƙasa. Na fitar da iska daga layin mai ko da ita ce, na zaga da motar har bakin titin Panshekara na dawo. A hannuna lafiya lau, giya tana shiga kamar ana sa cokali a kunu.

A ranar ne ogan motocin kamfanin ya kira ni a waya. Ba mugun mutum ba ne, shi ma akwai na sama da shi. Ya ce motar nan ta ishe su, kuma abu biyu ne: ko bakanike ne bai iya ba, ko direba ne yake kashe ta. Ya ce in zo in faɗa masa wanne ne, don su san wanda za su canja.

Abin da ya rage a irin wannan shi ne ka zauna kusa da direba ka ga yadda yake tuƙi. Na yi wa mutane da yawa haka. Amma in ce wa Baba zan duba tuƙinsa, bakina ba zai iya ba. Na ce ina so in ji ƙarar da take yi in ta ɗauki kaya.

"Hau mana, Malam. Kai ma ka ji abin da nake ji."

Lokacin canjin aiki ne na yamma. Motar ta cika da ma'aikata, warin jima a jikin kayansu, wasu tun kafin a tashi sun fara gyangyaɗi. Na zauna a gaba, kuma kamar kullum in ina kusa da shi, kaina yana ƙasa. Da wani direba ne da hanya zan kalla, ko hannunsa a kan giya. Kunya ce ta sa idona ya sauka a kan ƙafafunsa.

Ƙafar hagu tana kwance a kan feda. Ba ta sauka ba ko sau ɗaya. In zai canja giya sai ya turo ta daga cinya, kamar mai tura buhu, wani lokaci ta kai ƙasa, wani lokaci ta tsaya a rabi, giya ta yi gurnani, ya yi tsaki. Silifas ne a ƙafarsa. Robar feda ta cinye a gefe, ƙarfe ya fito, kuma daidai wajen babban yatsansa yake gogawa. Yatsan ya kumbura, ya yi baƙi a gefe, akwai busasshen jini da sabo. Ƙuda ya sauka a kai yana yawo. Baba bai motsa ba.

Kusa da kwanar da tireloli ke jerawa aka samu cunkoso. Wani mai tura kurar ruwa ya shigo gabanmu. Baba ya taka birki, ya tura ƙafar hagu, sai ta zame ta gefen feda ta taka daɓen motar. Shi a saninsa ya taka kuloci. Motar ta riƙa zabura tana turawa gaba, birki yana riƙe ta, tana jijjiga. Sai na ga ya sunkuyar da kai yana neman feda da ido. Ya bar kallon hanya yana neman inda ƙafarsa take. Kafin ya ɗago, inji ya mutu, hancin motar yana taɓa jarkokin mutumin. Mai kurar ya juyo ya zazzaga mana abin da ya zo bakinsa ya wuce.

Daga kujerun baya wani ya ce, "Baba direba, yau ma aljanun nata sun tashi?"

"Ga likitanta nan a gaba," in ji wani. "Likita, a yi mata allura mana, muna da iyali."

Aka yi dariya. Baba ya tayar da mota, ya ce da ni a hankali, "Ka gani, Malam? Haka take yi mini."

"Na gani, Baba."

Da muka dawo da 'yan dare, na sauka a ƙofar kamfani. Na tsaya ina kallon mutanen da ke fitowa daga motar ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ledar abincinsa. Gobe ma za su hau, jibi ma. In na ce wa oga aikina ne bai yi ba, za su kai wa wani bakanike, Baba ya ci gaba da ɗaukar su da ƙafar da ba ya ji. In na ce direba ne, na raba mahaifin matata da abincinsa da bakina. Abin da ya kamata shi ne Baba ya sani kafin kowa, ya je asibiti, ya nemi hutu da kansa, wataƙila a ajiye masa kujerarsa. Amma wa zai faɗa masa?

Na fara da matata. Tana tankaɗe na faɗa mata. Ta ajiye rariya.

"Inna ta ce yana yawan tashi fitsari, ga shan ruwa. Ta ce rannan ya fita da takalmi ƙafa ɗaya bai sani ba."

"To ke ki gaya masa."

"Ni? In ce masa me? Baba ƙafarku ta mutu, ku bar tuƙi? Zai ce wa ya aiko ni. Zan ce mijina. Daga nan fa?"

"Inna fa?"

"Inna ta yi magana sau ɗaya, ya kwana biyu bai ci tuwonta ba."

Na yi ta juya abin. Ko salla nake sai in ga ƙafar nan tana zamewa. Duk ƙarar da na ji daga titi sai in ce ita ce. Oga ya sake kira, na ce ina kan bincike, kuma na ji ƙaryar a bakina har yamma.

Sai na tuna da maigadin ƙofar kamfanin. Dattijo ne mutumin Damagaram, sa'an Baba, sun yi shekara da shekaru tare. Tsakanin Bakano da Badamagare akwai wasa, kowa ya san wannan. Abin da ɗa ba zai faɗa ba, abin da mata ba za ta faɗa ba, abokin wasa zai faɗe shi a fuskarka, kuma ba ka da ikon yin fushi. Na ga kamar Allah ne ya nuna mini ƙofa. Na same shi a ɗan ɗakinsa na gadi, na durƙusa na faɗa masa duka.

Ya yi dariya tukuna. "Bakanon nawa ne ya lalace? Ai dama ban saye shi da tsada ba."

"Baba, maganar babba ce. Ina so ya sani ne, ya nemi magani tun oga bai sani ba."

"Na ji, ɗana. Bar ni da shi. Ni ne maganinsa."

Na ce a yi a hankali. Ya ce to. Ban ce a yi a keɓe ba, don a ganina wannan ba sai an faɗa ba. Ban tuna cewa irin wasan nan ba a yin sa a ɗaki ba. A gaban mutane ake yi, da su yake daɗi, kuma shi ta wannan hanyar kaɗai ya iya yi wa Baba magana tun da suka san juna.

Washegari da safe na je kamfanin, da niyyar in roƙi oga ya ƙara mini lokaci. Baba ya sauke 'yan safe, yana tsaye wajen mai shayin bakin ƙofa. Ma'aikata sun cika bencin, oga ma yana gefe da kofinsa. Na tsaya daga bayan motar don kada in shiga inda surukina yake karyawa. Sai ga maigadi ya taho da gorarsa mai ƙarfe a gindi. Ya zo dab da Baba, ya kafa gorar, ya jingina a kanta da hannu biyu.

"Bakano, an ce kuloci kake ci da safe maimakon ƙosai."

"Ji wannan," in ji Baba, yana murmushi. "Kai da ka zo Kano a ƙafa kana bin jaki, me ka sani a mota?"

"Jakin nawa bai taɓa kwana a gareji ba."

"Don ba shi da inda za shi. Kamar mai shi. Shekara nawa kana buɗe ƙofa kana rufewa, ko ɗaya ba taka?"

"Ni dai ina jin ƙafafuna."

"To ka yi ta jin su. Mai shayi, ba bawan nan nawa ruwan bunu, kada ka sa masa madara, bai saba ba."

Mutane suna ta dariya. Daga nan dariyar ta fara yankewa daga gefe ɗaya na bencin, don na kusa sun ga inda gorar take. Gindinta na ƙarfe yana kan ƙafar Baba ta hagu, a bayan yatsu, kuma maigadi ya sakar mata nauyinsa duka. Baba yana ta magana, yana kurɓar shayi. Na ga fuskar maigadin ta canja. Ina jin ya ɗauka Baba zai ji ko kaɗan ne, ya yi tsalle, a yi dariya, sannan ya ja shi gefe. Ya ƙara dannawa. Ba abin da ya faru.

"Bakano," ya ce, muryarsa ta sauka. "Dubi ƙasa."

Baba ya duba. Ya daɗe yana kallon gorar da ƙafar. Maigadi ya ɗaga gorar, ta bar rami a fatar, ramin bai ciko ba. Baba ya ajiye kofinsa a kan tebur a hankali. Sannan ya waiwaya, ya neme ni har ya gan ni a bayan motar. Ban san me ke fuskarsa ba, don na sunkuyar da kai.

Oga ya shanye shayinsa ya shiga ciki, can aka aiko kiran Baba, ya je. Da ya fito ba makulli a hannunsa. An ce masa ya je asibiti tukuna, za a ba wani ya riƙe motar kafin ya warke. Ni ba a ma tambaye ni komai ba. Wanda aka ba riƙon shi ke jan ta har yau, kuma kulocin da na sa na ƙarshe bai sake dawowa ba.

A asibiti suka ce ciwon sukari ne, ya daɗe a jikinsa. Suka yi ta wanke yatsan, bai yi ba, suka cire shi, daga baya suka cire na kusa da shi. Maigadi ya je dubiya. Matata tana gidan ta ce ya yi sallama, ya zauna, ya ce ya jiki, Baba ya ce da sauƙi, ya ce Allah ya ƙara afuwa, Baba ya ce amin. Ba wanda ya kira wani bawa. Ya ɗan zauna ya tashi, bai sake komawa ba.

Baba bai taɓa yi mini maganar ba. Ina zuwa gaisuwa ranar Juma'a, ina kai abin da ya samu, yana karɓa ya sa albarka. Gidan ya yi sanyi. Matar ƙanin nasa ta koma wajen danginta da yaran, don tukunya ɗaya ta daina isa. Ina yawan lissafa yadda abin zai kasance da na ƙara wa maigadi kalma ɗaya, ko da na daure na faɗa da bakina a cikin motar nan. Wani lokaci in ga da an ajiye masa kujerar. Wani lokaci in ga ba abin da zai canja, ƙafar ta riga ta tafi. Ba na tsayawa a kan ɗaya.

Bayan sallar layya da ta wuce na je, na same shi a zaure shi kaɗai, sandarsa a jingine. Na gaishe shi zan tashi, sai ya ce in dakata.

"Malam, motocin nan na yanzu, marasa kuloci. Ƙafa ɗaya ake tuƙa su, ko?"

"Haka ne, Baba. Ta dama kawai."

"Kai kana ganin masu motoci. In ka ji wani Alhaji yana neman direba, ko na kai yara makaranta ne, ka ce akwai dattijo. Ba ya gudu, ba ya shan komai. Ka san tuƙina."

Tun da nake da shi bai taɓa roƙona wani abu ba. Na ce, "To, Baba. In sha Allahu."

A hanyar gida na faɗa wa matata, da yake tare muka zo. Muka wuce gada. Sannan ta ce ranar nan Inna ta kai masa ruwan zafi za ta surka, kafin ta dawo da na sanyi ya riga ya tsoma ƙafar dama a ciki, yana zaune yana jan carbi, tururi yana tashi.

Akwai wani mai kawo mini mota daga Hotoro da ya ce yana neman dattijon direba don 'ya'yansa, motar kuma irin wadda Baba yake nufi ce. Ya tambaye ni ko na san wani mai amana. Na ce zan duba. Duk Juma'a Baba yana ce mini, "Malam, ba labari?" Ni kuma ina cewa tukuna.